Hannu a Nan, Aiki a Can: Tarihin Masu Kula da Kwamfuta a Arewacin Zamfara

Ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin Jihar Zamfara. Gwamnatin jihar, ƙarƙashin Gwamna Bello Matawalle, ce ta nemi hakan, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Da farko mako biyu aka ce. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, amma sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da sanarwar maido da shi a sauran sassan jihar. An yi ta maganar masu POS da suka nade tabarma, da iyalan da suka rasa yadda za su ji muryar 'yan'uwansu. Ba a cika tunawa da masu kula da kwamfuta ba, alhali su ma wannan shiru ya bankaɗo musu wani abu: kwamfuta biyu na iya zama a ɗaki ɗaya, waya ɗaya ta haɗa su, amma su kasa ganin juna, domin manhajar da ke gabatar da su ga juna tana zaune a wata ƙasa.

Aiki daga nesa ba baƙo ba ne a wannan yanki. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda, domin kwasar gyaɗa da auduga, kuma duk inda dogo ya je wayar tangarahu na biye da shi. Ma'aikacin tasha yakan buga saƙo, na tashar gaba ya san jirgi ya taso. Saƙo ne kawai ke tafiya. Aikin kuwa sai wanda ke can ya yi da hannunsa.

Kwamfuta ta shigo ne ta ƙofar takarda. Kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda a 1983 ya kawo ɗalibai masu buƙatar a buga musu aikin kammala karatu, sai masu tafireta suka samu kasuwa. Da sannu kwamfuta ta ture tafireta, shagunan buga takardu da hoton takarda suka maye gurbi. Bayan wayar salula ta fara aiki a Najeriya a 2001, shekarun da suka biyo baya su ne zamanin shagon intanet, wanda aka fi sani da kafe. A biranen Arewa irin su Kano da Kaduna da Sakkwato, kafe kan ɗora farantin tauraron ɗan'adam a kan rufi, ya sayar da lokaci: awa ɗaya, rabin awa, ko kwanan dare ga mai neman rahusa.

A nan ne mutanen Arewa da yawa suka fara ganin ana sarrafa kwamfuta daga nesa, ko da ba su kira abin da wannan suna ba. Mai shago na zaune a kan babbar kwamfuta kusa da ƙofa, da manhajar ƙidayar lokaci irin su EasyCafe ko HandyCafe. Lokacinka na cika, allo ya kulle, ko kana tsakiyar rubuta wasiƙa. Bai taso daga kujerarsa ba, kuma bai bi ta intanet ba. Umarnin ya bi ne ta kebul ɗin da ke kwance a gindin bango.

Asalin fasahar da ta fi wannan zurfi yana Kambirij ta Ingila. A wani ɗakin bincike na kamfanonin Olivetti da Oracle aka ƙirƙiro VNC, aka kuma sake ta kyauta a 1998, har da rubutun da aka gina ta da shi, kowa ya ɗauka ya gyara. Dabararta ba ta da wuya. Kwamfutar da ake son sarrafawa tana aiko hoton allonta gutsure-gutsure, inda ya canza kawai, ita kuma wadda ke gaban mai aiki tana mayar da motsin linzami da abin da aka danna. Tun da hoto ne ke tafiya, babu ruwan VNC da ko Windows ce a can, ko Linux, ko Mac. Kamfanin AT&T ya sayi ɗakin binciken a 1999 ya rufe shi a 2002, sai waɗanda suka ƙirƙiro ta suka kafa RealVNC. Amma a lokacin iri ya riga ya bazu. TightVNC da UltraVNC sun fito, TigerVNC ta biyo baya a 2009, dukkansu kyauta.

Microsoft ta bi tata hanyar a shekara ɗaya da VNC, da tsarin da ake kira RDP, wanda ya iso hannun jama'a sosai tare da Windows XP a 2001. Ya fi VNC sauri, a gaskiya, kuma yana nan cikin Windows ba sai an sauko da komai ba. Sai dai yana da halaye biyu da ke ɓata wa ƙaramin shago rai. Windows ta gida, wadda aka rubuta wa Home, ba ta yarda a shigo ta ta wannan ƙofa. Sai ta Pro zuwa sama. Sannan idan ka shiga daga nesa, allon wanda ke zaune a gaban kwamfutar kan kulle. Ga mai gyara wannan ba laifi ba ne. Ga malamin da ke son ɗalibi ya ga inda linzami ke zuwa, ya zama cikas.

Sai Jamusawa suka kawo sauƙi. TeamViewer ta fito a 2005, AnyDesk a 2014. Ba sai ka san adireshin kwamfuta ba, ba sai ka taɓa saitin komai ba: karanto mini lambarka, in shigo. Wannan ne ya sa suka zama abokan masu gyara, domin mai matsala a Zurmi na iya kiran gwani a Kano a warware masa ba tare da kowa ya hau mota ba, a hanyoyin da hawa mota kansa ya zama abin addu'a. Amma lambar nan ba a shagon ake tantance ta ba. Sai saƙo ya je kwamfutocin kamfanin a waje tukuna. Tamkar mutum ne a Shinkafi zai gai da maƙwabcin da suka haɗa katanga, amma sai ya aika ɗan saƙo ya biya ta Gusau. TeamViewer da AnyDesk dai suna da hanyar shiga kai tsaye da adireshin cikin gida, ga wanda ya san inda aka ɓoye saitin. Chrome Remote Desktop ta Google kuwa ba ta motsi sam idan babu intanet. Ga kuma wani tarko: kyautar TeamViewer da AnyDesk ta amfanin kai ce kawai, kuma TeamViewer ta shahara da yanke wa mutum aiki idan ta yi zargin kasuwanci yake yi da ita.

Kafe ya mutu a hannun wayar Android, amma sana'ar ba ta bi shi kabari ba. JAMB ce ta tashe ta. A 2013, zamanin Farfesa Dibu Ojerinde, hukumar ta fara jarrabawa a kan kwamfuta, zuwa 2015 ta ajiye fensir da takarda gaba ɗaya. Cibiyar jarrabawa ɗaki ne mai kwamfuta kamar 250, duk an ɗaure su da kebul zuwa babbar kwamfuta guda. Ranar jarrabawa dokar hukumar ce ke aiki, kuma babu mai hankalin da zai bar ƙofar shiga daga nesa a buɗe, domin abin da ke ba mai gyara damar taimako shi ne ke ba ɗan maguɗi damar amsa wa wani tambaya. Amma sauran watannin shekara, lokacin gwaji da horar da ɗalibai, wanda zai bi kwamfuta 250 ɗaya bayan ɗaya ya kunna, ya duba, ya kashe, ƙafarsa za ta gaya masa.

Don irin wannan ɗaki aka yi Veyon, wadda ta fito a 2017 a matsayin magajiyar iTALC. A kan VNC aka gina ta, kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux. Malami na ganin allon kowane ɗalibi ƙanana-ƙanana a gabansa, ya kulle su duka idan zai yi bayani, ya nuna nasa allon ga kowa, ya kashe su baki ɗaya idan janareta ya fara tari. Ga ofis mai kwamfuta biyar ko shida, TigerVNC ko TightVNC sun wadatar. Wanda ya saba da sauƙin AnyDesk kuma akwai RustDesk, wadda rubutunta a buɗe yake, ta kuma yarda mutum ya kafa tashar haɗawar a kan tasa kwamfutar.

Kyautar ba ta rasa aibi. Tsohon tsarin lambar sirri na VNC haruffa takwas na farko kawai yake dubawa, kuma wasu nau'o'inta ba sa lulluɓe abin da ke wucewa a waya. A cikin ɗaki mai kebul wannan da sauƙi. A kan Wi-Fi da kowa ya san lambarsa, ganganci ne. RDP ma ya sha kunya a 2019, lokacin da aka gano ɓarakar da aka yi wa laƙabi da BlueKeep, har Microsoft ta koma ta yi wa Windows XP faci shekaru biyar bayan ta sallame ta.

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke makarantu da shagunan wannan yanki na hannu ne, tsofaffi, waɗanda Windows 11 ba ta karɓa. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, WAEC kuma ta fara gwada jarrabawar kwamfuta tun 2024. Ɗakunan za su ƙaru, kuma mai son tsohuwar na'ura ta ci gaba da aiki cikin aminci zai ƙara karkata ga Linux, a jere ɗaya da masu Windows, shi kansa mai kula da su yana leƙa su ta wayar Android da ke aljihunsa.