Yogar dariya: daga wani lambu a Mumbai zuwa tsakar gidanmu a Maruda

1/ Jama'a ku gyara zama, zaren yau da ɗan tsawo. A makon jarrabawar da ta wuce ɗan ɗakinmu ya kwana uku bai runtsa ba, sai da muka kai shi asibiti. Likita ya duba ya ce ba zazzaɓi ba ne, damuwa ce. Garin neman abin da ke rage damuwa na ci karo da wani abu wai shi yogar dariya.

2/ Labarin ya faro ne tun 1964. Wani ɗan jarida a Amurka, Norman Cousins, ya kamu da ciwon ƙashin baya mai tsanani. Ya bar asibiti ya koma otal, yana kallon finafinan barkwanci. Ya ce minti 10 na dariya har ciki kan ba shi barcin awa 2 ba tare da zogi ba. A 1979 ya fitar da littafi a kan haka.

3/ Mutum ɗaya ba hujja ba ne, balle shi yana haɗawa da bitamin C mai yawa. Amma ya jawo hankalin masana. A 1989 Lee Berk na Jami'ar Loma Linda ya auna jinin mutanen da suka kalli bidiyon ban dariya, ya ga kotisol, sinadarin da jiki ke saki in hankali ya tashi, ya ragu.

4/ Sai ranar 13 ga Maris 1995. Wani likita a Mumbai ta Indiya, Madan Kataria, yana rubutu kan dariya da lafiya, sai ya ce bari dai ya gwada. Da sassafe ya je wani lambun shaƙatawa, su 5 kacal har da matarsa Madhuri. Suka yi da'ira, kowa ya kawo labarin ban dariya.

5/ Mutane suka yi ta ƙaruwa. Amma cikin kamar mako 2 labarai masu tsafta suka ƙare, aka koma na batsa da na cin fuska, mata suka fara ƙorafi. Saura ƙiris taron ya watse. Nan Kataria ya kawo shawara: a bar labari, a yi dariyar haka kawai.

6/ Hujjarsa ita ce, ko da gangan ka fara dariya, jiki zai amfana, kuma in kuna kallon idon juna ba a jimawa ta ƙaryar ke komawa ta gaske. Madhuri malamar yoga ce, sai aka haɗa da atisayen jan numfashi da tafi. Daga nan sunan ya samo asali. Babu tanƙwara jiki irin wadda kuke gani a fim.

7/ A 1998 suka fara bikin Ranar Dariya ta Duniya a Mumbai, yanzu ana yin sa ranar Lahadin farko ta watan Mayu. Ƙungiyoyin dariya sun bazu ƙasashe da dama, har gidajen tsofaffi, kamfanoni da gidajen yari.

8/ To yana aiki? Ayarin Robin Dunbar na Oxford ya nuna cewa bayan an yi dariya a cikin taro mutane sun fi jure zafi, suka danganta hakan da sinadarin endofin. Gwaje-gwajen yogar dariyar kanta suna nuna sauƙin damuwa, sai dai yawancinsu ƙanana ne kuma na ɗan lokaci. Taimako ce, ba ta maye gurbin maganin hawan jini ko ganin likita.

9/ Abin da ya tsaya mini a rai binciken Robert Provine ne: mutum ya fi yin dariya kusan sau 30 in yana cikin mutane fiye da in yana shi kaɗai. Kenan rabin maganin taron ne. Ina karanta wannan sai na tuna gida.

10/ Duk hutun da na sauka Maruda, kafin in aje jaka kakata za ta tare ni: “Wanga miji nau ya rame, boko ta cinye shi. Na sake ka, tai ka nemi wata!” Ni kuma in ce ai tsohuwa ce, dama na gaji. Tsakar gida ta ɗauki shewa. Gajiyar hanya tun daga Birnin Kebbi nan take faɗuwa.

11/ Mu namu tsari ne da aka gada. Jika da kaka. Taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, har da karɓar kuɗin shara a watan Cika-ciki. Fulani da Barebari, Kanawa da Zage-zagi, Katsinawa da Gobirawa, Gobirawa da Yarbawa. Kuma da doka: taubashi ba ya fushi da taubashinsa.

12/ Ku lura, da yawa daga cikin waɗannan sun taɓa gwabza yaƙi da juna. Wasa ya zo ya zauna a gurbin gaba. Ko nan kusa da mu, bayan shekaru ana ɗauki-ba-daɗi tsakanin Kabawa da Daular Usmaniyya, ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu a 1934 da bikin kamun kifi aka karɓe ta.

13/ Maƙwabtanmu sun riga mu farga. A 2014 UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya. Mu kuwa muna kallon sa kamar shirmen ƙauye. Yaranmu na birni wasu ba su ma san su wa ke taubasansu ba.

14/ Na san wani zai ce ai an hana yawan dariya. Haka ne, an gargaɗe mu kan wuce iyaka, kamar yadda aka kwaɗaitar da mu sakin fuska ga ɗan'uwa. Matsalar da ta kusa rusa taron Kataria, wato dariya ta koma cin mutunci, ita ce iyakar da iyayenmu suka shata tuntuni.

15/ Ɗan ɗakin namu Babarbare ne, ni kuma Bafulatani. Da muka dawo daga asibiti na ce masa, “Bawana, kar ka kuskura ka mutu ban ba ka izini ba.” Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi ne ubangidana. Ya sha maganinsa, daren nan ya yi barci, kuma har yanzu yana komawa wajen likitan.

16/ In ka ga abokinka ya daina ci, ya daina barci, ka raka shi asibiti tukuna. Bayan nan kar ka bar shi shi kaɗai da waya. Yau kuma ka kira taubashinka ka tsokane shi. Ku faɗa mini a ƙasa, ku da su wa kuke wasa a garinku? Barebari ku yi layi, ina jiran kuɗin sharata.