Doki, barga da iyaka: dokin sukuwa a hanyar Maraɗi zuwa Katsina

A wannan ƴar maƙala muna so mu duba yadda dokin yaƙi ya rikiɗe ya zama dokin sukuwa a ƙasar Katsina da Maraɗi, da kuma abin da ke hana shi wuce wasu iyakoki. Mun tsaya a Ɗan Issa ne domin nan ne ƙofar da hanyar Maraɗi ke bi ta shiga Jibiya da Katsina.

Bayan faɗuwar birnin Katsina a hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe sun kafu a Maraɗi wajajen 1819. Kusan ƙarnin nan duka, dajin da ke tsakanin garuruwan biyu fagen hari ne, hari kuwa ba ya yiwuwa sai da doki. Shi ya sa sarautun Ƙaura da Ubandawaki suke da nauyi a fada. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1906, da shata iyaka da ayarin Tilho da O'Shee ya yi tsakanin 1906 da 1908, sun kashe wannan sana'a. Barga ta rage, amma yaƙin da ake kiwon doki dominsa ya tafi.

Katsina ce ta fara samo wa doki sabon aiki. Sarki Muhammadu Dikko (1906-1944), wanda ya ziyarci Ingila a 1921, ya rungumi folo da sukuwa irin ta Turawa, ɗansa Usman Nagogo (1944-1981) kuma ya yi suna a kansu har wajen Najeriya. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, dokin Arewa ya samu damar kaiwa filin sukuwa na Ikko na wancan zamani cikin ƴan kwanaki. Sai dai kudu ƙasar tsando ce, doki ba ya daɗewa can sammore bai kama shi ba.

A ganinmu, abin da masana suka fi sakaci da shi shi ne bargar kanta. Can ne tsohon ilimi ya tsira, kusan ba tare da an taɓa shi ba. Yaron barga na tashi tun asuba ya share turke, ya fitar da doki kilisa kafin rana ta yi zafi, a kan rairayi in da hali, domin rairayi na ƙarfafa ƙafa. In an dawo a wanke shi, a goge, a duba ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Abinci kuwa gero ne ko dawa, da dusa, da harawar wake ko ta gyaɗa, sai kanwa a ruwan sha. Duk wannan baran Ƙaura na ƙarni na 19 zai gane shi. Abin da ba zai gane ba shi ne agogo, da allurar likitan dabbobi, da mahayi ƙaramin yaro marar nauyi a kan sirdi ɗan mitsitsi, maimakon barde cikin lifidi. Da ana son doki mai jure nisa da kaya, yanzu ana son wanda zai ƙone ƙarfinsa duka cikin minti biyu. Mu lura kuma cewa sunan mai doki ake kira ranar nasara, ba a cika tuna wanda ya kwana a gindin turke ba.

Ga mai barga a Maraɗi, fita waje na nufin loda doki a mota zuwa Katsina, Kano ko Sakkwato. Ribarsa na rataye da canjin sefa da naira, kamar yadda aka gani bayan karya darajar sefa a Janairun 1994, tana kuma rataye da siyasa: Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris na 2024. Doki kuwa ba ya daina cin gero don an rufe Ɗan Issa.

Ƙetaren teku wata magana ce daban. Ba gudu kaɗai ke hanawa ba, akwai annobar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa. Turai na tsoronta tun da ta ɓulla a Sifen a 1987 ta hanyar jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya. Ko Afirka ta Kudu, da dukiyarta da likitocinta, ta shafe shekaru tana bi da dawakinta ta tsibirin Moris a killace su watanni, sai a 2024 aka sake ba ta izinin kai su Turai kai tsaye. Nijar da Najeriya ba sa cikin ƙasashen da Tarayyar Turai ke karɓar doki daga gare su. Saboda haka zirga-zirgar ta zama ta gefe guda: dawakin Ajantina na sauka a filayen folo na Kaduna da Kano, na Sudan na shigowa ta Cadi, amma dokin Arewa iyakarsa filayen maƙwabta.