Takardun Haɗejiya da damina

1/ A 1906 Turawa suka ci Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya yi shahada. Rahotannin Turawan mulki suna gidan adana tarihi na Kaduna. Namu fa? Wasiƙu da rubutun ajami da yawa suna cikin gafaka a ɗakunan malamai.

2/ Ni kam ba ambaliya irin ta 2020 kaɗai nake tsoro ba. Laima ce mai cin takarda a ɓoye. Danshin iska na haura kashi 65, fumfuna ta kama. Hunturu kuma ya busar da takardar har ta riƙa karyewa.

3/ Shi ya sa gidajen tarihi ke auna danshi da zafi kullum. Mai gafakar kaka, ka ɗaga ta daga ƙasa, nesa da bango, ka buɗe ta a Agusta.