Daga dokin kara zuwa Toyota mai bindiga

 Yau tarihin motar kara muka ɗauko. E, ita dai, wadda muka riƙa turawa da sanda a lungu. Kar ku yi dariya tukuna. Yaro ba ya ƙera abin da bai gani ba, don haka in muka jera abubuwan wasan da aka yi a garuruwanmu, daga na kakanni har zuwa na jikoki, za mu ga duk wani mai ƙarfi da ya taɓa bin hanyar nan.

Farkonsu dokin kara. A zamanin da Gobirawa suka kafa Tsibiri, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama, babu abin yaƙin da ya kai doki. Barde mai lifidi da kwalkwali shi ne abin kallo. Yaro kuwa sai ya sami kara mai tsawo ya lanƙwasa kai, ya ɗaura masa linzamin kaba, ya haye, ya riƙe sille a matsayin mashi. Ko ayarin Bule da Shanuwan, Turawan Faransan da suka ratso ƙasar nan da ɓarna a 1899 har ajali ya cim musu wajen Maijirgi, a ƙafa da bisa dabbobi suka zo.

A ƙarshen 1924 ne wani abin mamaki ya bi ta nan. Kamfanin Citroën ya turo motoci 8 su ratsa Afirka tun daga Aljeriya, suka sauko Yamai, suka biyo ta Maraɗi da Tasawa, suka wuce Damagaram. Gabansu taya, bayansu kuwa wata shimfiɗaɗɗiyar sarƙa ce irin ta tankar yaƙi, don kar rairayi ya riƙe su.  Shi kuma mai kamfanin, tun a shekarun nan yana sayar wa yaran Faransa ƙananan motocinsa na wasa, don yaro ya tashi da sunan Citroën a baki. Bature kenan, ko wasan yara sai ya nemi riba ciki.

Zamanin da motar kara ta yi tashe a wurinmu shi ne zamanin gyaɗa. Tun kafin samun ƴancin kai a 1960, da kuma bayan kafa SONARA a 1962, kamyo-kamyo suna ta kai da kawowa tsakanin kasuwannin ƙauye da Maraɗi, kuma babbar hanya ta ratsa Gidan Rumji, ta ratsa Agye da Gazawa. Yaran bakin hanya suka zama gwanaye. Waɗanda suka yi za su tuna yadda ake yi: a zaɓi karan dawa busasshe, a ɓare ɓawon da haƙori ko da reza, a fitar da totuwa. Totuwar ita ce katako, ɓawon da aka tsaga siri-siri shi ne ƙusa, in ana son ƙarfi a ƙara da ƙayar aduwa. Taya daga sakaina ake feƙe ta, a goga a kan dutse har ta kewaye. Da silifa ta yawaita sai aka koma yanka tsohuwar silifa, ita ta fi jure gudu. Sitiyari dogon kara ne da ya taso har ƙugun direba, kuma sai ƙafafun gaba sun juya in an murɗa shi, in ba haka ba sa'anninka su ce amalanke ka yi. Akwai masu sa wa motar ƙofar da ke buɗewa, da tsani a baya inda karen mota ke maƙalewa. Waɗanda suka fi wayo suka koma langa-langa da waya da gwangwanin madara ko na tumatir. Fenti ma namu ne: gawayi, jar ƙasa, shunin wanki, da baƙin nan na cikin mataccen batir wanda iyaye mata suka tsana don in ya taɓa riga ta tashi aiki.

Fari ya kashe kasuwar gyaɗa a farkon shekarun 1970. Ranar 15 ga Afrilun 1974 soji suka karɓi mulki ƙarƙashin Seyni Kunce. Daga nan kaki ya zama abin da ido ya saba da shi, motar jandarma da ta soji suka shiga cikin abin da yara ke kwaikwayo, har da doguwar eriyarsu. Sai kuma 1987. A watan Janairu sojojin Chadi suka far wa na Libiya a Fada, a watan Maris suka kwace Wadi Dum, kuma da ɗaruruwan Toyota buɗaɗɗu suka yi wannan aiki, an girke musu makamai a baya, suka tarwatsa tankokin Gaddafi. Har duniya ta sa wa rikicin suna yaƙin Toyota. Tun daga lokacin, motar yaƙi a ƙasashen Sahel ita ce wannan, kuma ita ce ta fi sauƙin ƙerawa: gwangwanin kifi ya zama bodi, bututun biro ya zama bindiga, a yi mata dabbare-dabbare da laka da gawayi.

To bari mu leƙa wata ƙasa, don abin da muke ɗauka shiririta wasu sun mai da shi darasi. A 1824, shekara ɗari cif kafin motocin Citroën su iso mana, wani hafsan sojan Furusiya, a Jamus ta yanzu, mai suna Reisswitz ya nuna wa manyansa wani wasa da ya gada daga mahaifinsa ya gyara. Ana shimfiɗa taswira bisa teburi, a jera ƙananan guntayen dalma, na wannan ɓangare ja, na wancan shuɗi, kowane guntu yana wakiltar rukunin mayaƙa. Kowa ya rubuta umurninsa, alƙalin wasa ya lissafa tafiyar da doki ko mai ƙafa zai iya yi cikin minti biyu, a jefa ƙwaya irin ta lido don a shigar da sa'a, tunda yaƙi ba ya tafiya yadda aka tsara. Aka sa hafsoshi su koya. Da Furusiya ta doke Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sauran ƙasashe suka ruga suka kwafa. Shuɗi na gida, ja na abokin gaba, da ake sawa a taswirar soji har gobe, ya samo asali daga irin wannan wasa.

Daga bariki abin ya fito gari. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya wallafa Little Wars, littafin dokokin wasan yaƙi da sojojin wasa da ƴar igwa mai harba tsinke. Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanoni irin su Airfix a Ingila, Heller a Faransa da Tamiya a Japan suka shiga buga tankoki da motocin soji na roba, gunduwa-gunduwa cikin kwali, mai saye ya haɗa da gam. Komai da awo: a ma'aunin 1/72, motar da ta kai mita 5 takan dawo kamar santimita 7. Magidanta ne fa, masu furfura, ke kwana a kan wannan. Su shafa fenti kalar rairayi, su bi lungunan da baƙi mai ruwa-ruwa don ƙusoshi su fito, su ɗiga tsatsa, su barbaɗa ƙura a taya. Sannan su jera bisa teburi da tuddai da itatuwan ƙarya, suna awon nisan harbi da mita. Abin dariyar, cikin abubuwan da ake sayarwa yau har da ƴar buɗaɗɗiyar mota mai bindiga a baya, wadda yaranmu suka riga su ƙerawa da gwangwani.

A ganinmu hannun yaron Gazawa bai gaza na mai Tamiya ba, ya ma fi shi, tunda shi ba a yanko masa komai ba. Dabarar tsara faɗa ma muna da ita a dara, wadda wasu ke ce wa dili, gurbi 30 a ƙasa, kowa da ƴaƴa 12. Abin da ba a yi ba shi ne haɗa biyun. Dara ta zauna wurin manya a gindin bishiya, mota ta zauna wurin yara, kuma ranar da yaro ya fara riƙe hauya sosai ake ce masa ya girma da wannan.

Yanzu sana'ar tana ja da baya ta hanyoyi biyu. Motar roba ta Sin ta cika kasuwa, ranar salla ana saye, kafin sati ta karye, kuma ba ta gyaruwa. Shi kansa karan ya yi daraja: da an gama girbi ake kwashe shi a tara don dabbobi, har sayar da shi ake, yaron da ya zari ɗaya daga dami sai ya sha faɗa.

Abin da yara ke gani ma ya sake. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, da yawansu a yankin Gidan Rumji suka sauka, har aka zaunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka. Garuruwanmu na bakin iyaka su ma sun ɗanɗana satar shanu da ta mutane. Yaran da suka tashi cikin wannan sun ga motocin sojin Farautar Bushiya suna sintiri, wasunsu kuma sun ga abin da ya fi haka, babura cikin dare, mutum biyu ko uku a kan kowane. Don haka muke roƙon malaman lakwal da iyaye a garuruwan da har yanzu ake wannan wasa, ku duba hannun yaranku bana bayan kaka, ku gaya mana abin da suke ƙerawa: kamyo ne, Toyotar soji ce, ko babur.