Tsirkiyar Bes Mai Rigar Nailan: Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Zuba Kuɗinka

Yau za mu ɗan bar maganar jarumai da sababbin waƙoƙi, mu leƙa wajen kayan kiɗa. In kana kallon bidiyon makaɗan waje, wataƙila ka taɓa ganin jitar bes mai baƙaƙen tsirkiyoyi, ka ɗauka fenti ne ko gayu. Ni ma haka na ɗauka da farko. Ashe wani nau'in tsirkiya ne daban, a jikin kwalinsa za ka ga an rubuta Tapewound. Na saya, na ɗaura a tawa jitar, na ji daɗinta, na kuma sha wahalarta. Shi ya sa na ce bari in tattara bayanin wuri ɗaya, don kada wani ya yi asarar da na kusa yi.

Mece ce ita?

Jitar bes ita ce mai kaurin murya a cikin kayan kiɗa, wadda kake jin dukanta a ƙirji. Yawanci tsirkiya huɗu gare ta: E, A, D da G. Mafi kauri ita ce E, tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya. Kowace tsirkiya tana da wayar ƙarfe a tsakiya, sannan a naɗe ta da wata wayar. Yadda aka yi wannan naɗin shi ke raba su gida uku.

Ta farko ita ce Roundwound, mai kaushi. Naɗinta zagayayyiyar waya ce, in ka shafa za ka ji gurzi-gurzi. Ita ce kusan duk sabuwar bes ke zuwa da ita yanzu, muryarta tana da kaifi da ƙara.

Ta biyu Flatwound, mai santsi. Naɗinta ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe kamar zirin kyalle. Da irinta jitar Fender Precision Bass ta fito a 1951, kuma da ita James Jamerson ya kaɗa waƙoƙin Motown.

Ta uku ita ce tamu ta yau. Cikinta ƙarfe ne kamar sauran, amma a waje an naɗe ta da tef na nailan, galibi baƙi, akwai kuma fari. Wato yatsanka ba ya taɓa ƙarfe ko kaɗan. Ni dai ina kiranta mai riga.

Wani zai ce, to in nailan ne ta yaya sauti zai fita? Fikof ɗin da ke jikin jita mayen ƙarfe ne, motsin ƙarfen da ke cikin tsirkiyar yake ɗauka, kuma nailan ba ya tare mayen ƙarfe. Don haka sauti yana fita lafiya lau. Abin da rigar ke yi shi ne ta danne kaifin muryar.

Yaya muryarta take?

Kauri, taushi, da dukan da ke zuwa "dum" ya ɗan tsaya, ba ya ta dogon amo. Ta fi kusa da muryar babbar bes ɗin katako, wadda ake kaɗawa a tsaye a kiɗan jaz. Wannan ƙarar "ciiit" da kake ji idan makaɗi ya ja yatsa daga wuri zuwa wuri a kan mai kaushi, a nan kusan babu ita. Ga mai ɗaukar sauti a situdiyo wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

In kana so ka ji da kunnenka, ga wurare biyu. Ranar 30 ga Janairu 1969 ƙungiyar Beatles ta yi wasanta na ƙarshe a bainar jama'a, a saman rufin ofishinsu da ke Landan. Ka duba jitar Höfner da ke hannun Paul McCartney, baƙaƙen tsirkiyoyi ne a kanta. Wasan yana cikin fim ɗin Get Back na darakta Peter Jackson da ya fito a 2021. Na biyu, waƙar Lou Reed mai suna Walk on the Wild Side ta 1972. Herbie Flowers ne ya kaɗa bes ɗin, ya haɗa ta katako da ta lantarki a tare, kuma an san shi da amfani da baƙar tsirkiyar Rotosound. Masu son hip-hop sun san kiɗan nan ko ba su san sunansa ba, don shi A Tribe Called Quest suka ɗauko suka yi Can I Kick It?

Amma fa ba kowane kiɗa take yi wa daɗi ba. In salonka na mari ne, wato kana dukan tsirkiya da babban yatsa kana fizgo ta, wannan ƙarar ƙarfen da kake nema ba za ka samu sosai ba. Haka in kuna kiɗa da ganguna masu ƙarfi da jita biyu, muryarka tana iya nutsewa a ƙasa. Inda take haskawa shi ne rege, jaz, sol, da waƙoƙin soyayya masu sanyi inda ake so bes ta riƙe ƙasa ta bar wa mawaƙi fili.

Amfaninta

Na ɗaya, taushi a hannu. Duk wanda ya fara koyon bes ya san yadda yatsu ke yin ƙanta, wani lokaci har su yi ruwa. Mai riga tana da santsi, kuma yawanci ba ta da tauri kamar yadda kaurinta ke nunawa, dannawa ba wuya.

Na biyu, gumi. Mu da ke ƙasar zafi mun san yadda tsirkiya ke dushewa. Gumi da dattin hannu da ƙurar hunturu suna shiga tsakanin naɗin mai kaushi, bayan ɗan lokaci muryar ta mutu, tsatsa ta biyo baya. Rigar nailan tana hana su shiga. Ka goge da tsumma bayan kiɗa, shi ke nan. Kuma tunda dama muryarta ba mai kaifi ba ce, babu wani kaifin da zai gudu, tana iya shekaru a jiki.

Na uku, akwai mutanen da fatarsu ba ta shiri da ƙarfen nikel, yatsu su yi ta ƙaiƙayi. Wannan ta raba su da matsalar.

Na huɗu, in bes ɗinka marar firet ce, wato babu ƙarafan nan da ke gitta wuya, mai kaushi tana cin katakon a hankali. Jaco Pastorius sai da ya shafe wuyan tasa da ifoksi saboda wannan. Nailan ba ya cin katako haka.

Abu uku da za ka duba kafin ka saya

Nan ne ainihin maganar, don tsirkiyar nan ba arha gare ta ba, kuma ba kowane shagon kayan kiɗa za ka same ta ba. Ni sai da na yi 'yan watanni ina tari, sannan na ba wani abokina saƙo ya taho min da ita.

Na farko, kauri. Ana auna tsirkiya da kashi ɗaya cikin dubu na inci. Wadda aka saba gani tana farawa daga 45 zuwa 105. To Rotosound Tru Bass 88 daga 65 take zuwa 115. La Bella 760N daga 60 zuwa 115. D'Addario ETB92 kuwa daga 50 zuwa 105, ita ce ta fi kusa da wadda ka saba. Me ya sa wannan ke da muhimmanci? A saman wuyan jita akwai ɗan farin abu mai tsaga huɗu da tsirkiyoyi ke kwanciya a ciki, ana ce masa nat. In tsirkiya ta fi tsagar kauri, ba za ta zauna ba.

Abin da ya same ni ke nan. Na ɗaura mai kaurin, na ga G ta hau sama ba ta shiga ba, na ce ai in na ɗaure za ta shiga da kanta. Ina cikin murɗawa na ji "ƙas", gefen nat ɗin ya ɓalle. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don ranar Asabar muna da kiɗan biki. Na kai wa wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa, ya juya jitar ya kalle ni ya ce, "Yaro, ƙofa ba ta kai ba ka ce sai ka shigar da gado?" Na ce, "Baba, kuskure ne, a taimaka." Ya sa sabon nat, ya faɗaɗa tsagogin da ƴar zarto a hankali, kowace daidai tsirkiyarta. Kuɗin gyaran da bai kamata in kashe ba. Ka kuma sani cewa in an faɗaɗa tsaga ba ta komawa. Ranar da ka koma siririyar tsirkiya, tana iya yin rawa a ciki.

Na biyu, ƙugin lantarki. Wannan ne mutane da yawa ba sa sani. A cikin jita akwai wata ƴar waya da ta haɗa jakin, wato ƙarfen ƙasa da tsirkiyoyi ke hawa, da layin at. Shi ya sa in bes tana "zzzz" ka ɗora hannu a kan tsirkiyar ƙarfe sai ƙarar ta ragu. To nailan ba ya wuce da lantarki. Ka taɓa, ka riƙe, ƙugin yana nan. Mu kuma ka san halin da ake ciki: soket da yawa babu at, ga janareta, ga tsofaffin wayoyi.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka jona bes ɗinka a amfilifayar da ka saba kiɗa da ita, ka ƙara murya, ka ɗauke hannuwanka gaba ɗaya daga jikin ƙarfe. Abin da ka ji a lokacin, shi za ka dinga ji kullum in ka sa mai riga. In shiru ne, bismillah. In ƙugi ne, ka fara gyara wannan tukun: wayar jona mai kyau, soket mai at, sannan mai gyara ya liƙa tef na tagulla a cikin ramin da wayoyin jitar suke. Kuma don Allah kada ka cire ƙafar at ta filogin amfilifaya da sunan maganin ƙara, wannan wasa da rai ne.

Na uku, tsawo. Yawancin bes masu inci 34 ne daga nat zuwa jaki, akwai gajeru masu inci 30 irin Höfner ɗin McCartney, wasu masu tsirkiya biyar kuma 35. Ka auna taka kafin ka yi oda. A ƙarshen tsirkiyar akwai siririn wuri mai zare, shi kaɗai ya kamata ya naɗu a jikin kunnen ɗaurewa. In ta yi tsawo har mai kaurin ya hau kunnen, ko ka yanke ta a inda rigar take, nailan ɗin yana iya warwarewa, kuma ba ya gyaruwa. Haka in jitarka irin wadda tsirkiya ke shigowa ta bayan jiki ce, lanƙwasar tana da tsanani, ka karanta kwalin ka tabbatar an yi ta don haka.

Yadda ake ɗaurawa

Ka canza ɗaya bayan ɗaya, kada ka kwance duka lokaci guda. Kafin ka yanke abin da ya yi saura, ka lanƙwasa siririn bakin tukun, sannan ka yanke bayan lanƙwasar. Zagaye biyu zuwa uku a kunne ya isa.

Bayan ka saita murya, ka bar ta ta kwana. Idan sabuwar ba ta ja wuyan da ƙarfi kamar tsohuwar, wuyan zai ɗan miƙe, sai ka ji tsirkiya tana taɓa firet tana "zirr". Akwai sandan ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da alanki. Ana sassauta shi kaɗan-kaɗan, kwata ɗin zagaye, a jira a gani. In ba ka taɓa yi ba, ka kai wa wanda ya iya, wuyan jita ya fi tsirkiya tsada nesa ba kusa ba.

Daga nan ka duba firet na 12. Muryar da ke wurin ya kamata ta zama daidai da ta tsirkiyar a sake, sai dai ta fi ta sama. In ta kauce, ana gyarawa da sukurorin da ke jikin jaki. In kuma ka ji murya ta ɗan yi ƙasa, ka ɗaga fikof kaɗan.

To wa ya kamata ya saya?

In bes ɗaya gare ka kuma da ita kake zuwa ko'ina, yau biki, gobe situdiyo, jibi wani salon daban, shawarata ka tsaya a kan mai kaushi, ko ka fara da mai lamba 50 zuwa 105 wadda galibi ba ta buƙatar a taɓa nat. In kana da ta biyu, ko marar firet, ko kuma kiɗanka mai sanyi ne, gwada ta, da wuya ka yi nadama. Masu haɗa kiɗan fim da fiyano da kwamfuta ma ku gwada kiran mai bes ya kaɗa muku da irin wannan a waƙar soyayya guda ɗaya, ku saurari yadda take zama a ƙarƙashin muryar mawaƙiya.

Ni dai bikin nan na Asabar na yi shi da ita. Ƙugi ya ɗan dame ni da aka tayar da janareta, sai na dinga ɗora gefen hannuna a kan jaki tsakanin waƙa da waƙa. Daga baya aka sa min tef ɗin tagulla, abin ya yi sauƙi sosai. Har yanzu tsirkiyoyin nan ne a jikin jitar, ban canza ba.

Ka auna nat, ka gwada ƙugi, ka auna tsawo, sannan ka fitar da kuɗi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.