Gidan Butler na Ormond: Masu Riƙe Kofin Sarki a Ailan

A fadojin Turai na zamanin da, ba kowa ake yarda ya taɓa abin shan sarki ba. Guba ta yi yawa, amana ta yi ƙaranci, saboda haka wanda aka damƙa wa rumbun giyar fada, aka kuma ce shi zai miƙa wa sarki kofi ranar biki, amintacce ne na ƙwarai. Daga wannan muƙami ne ɗaya daga cikin manyan gidajen sarautar tsibirin Ailan ya samo sunansa da arzikinsa, wato gidan Butler na Ormond, wanda aka yi kusan shekara 800 ana damawa da shi.

Asalinsu Normawa ne, jikokin mayaƙan arewacin Turai da suka zauna a arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Bayan ƙarni guda sai ga wani sarkin lardin Leinster, Diarmait Mac Murchada, wanda abokan gaba suka kora daga gadonsa, ya ƙetare teku neman taimakonsu. Suka amsa kira a 1169, suka zo a matsayin sojojin haya, ba su sake komawa ba. Sarki Henry na Biyu ya biyo sawunsu a 1171 don kada barorinsa su kafa tasu daular, sannan a 1185 ya turo ɗansa John ya duba masa sabuwar ƙasar. Cikin tawagar John akwai wani Theobald Walter, ɗan'uwan Hubert Walter wanda daga baya ya zama Babban Limamin Kanterbari. Shi ne tushen gidan.

John ya ba Theobald abu biyu. Na farko ƙasa ce mai faɗi a arewa maso gabashin lardin Munster, yankin da ake kira Ormond. Kyauta ce ta mai ba da abin da ba nasa ba, domin ƙasar tana da masu ita, dangin O'Kennedy da maƙwabtansu, kuma takarda ba ta korar mutum daga gonarsa sai an biyo ta da takobi. Don haka aka gina ganuwar Nenagh, wadda doguwar hasumiyarta mai siffar da'ira ke tsaye har yau. Na biyu shi ne muƙamin babban mai kula da giyar sarki a Ailan, wanda a bakin Normawa ake ce wa butler. Muƙamin na gado ne, har ya shafe sunan Walter, zuriyar ta koma amsa sunan aikinta.

Aikin da kansa ba shi da nauyi. Ranar naɗin sabon sarki, mai muƙamin zai halarta ya miƙa kofin farko, shi ya sa tambarin gidan yake ɗauke da kofuna uku na zinariya masu murfi. Romon yana bakin teku. Duk jirgin ruwan da ya shigo tashar Ailan da ganga 20 ta giyar inabi ko fiye, sai an sauke wa gidan Butler ganga biyu, kowace ganga kuwa tana cin kusan lita 950. A ƙasar da ba a noman inabi, ana kuma shigo da giya daga Faransa da Sifen ba dare ba rana, wannan rijiya ce da ba ta ƙafewa. Sun ci gajiyarta fiye da shekara 600, sai a 1811 majalisar Birtaniya ta fanshe haƙƙin da fam 216,000.

A 1328 aka naɗa James Butler Earl na Ormond na farko, bayan ya auri Eleanor de Bohun, jikar Sarki Edward na Ɗaya. Jinin gidan sarautar Ingila ya shiga gidan ke nan. Abin dariya kuwa, cikin wannan ƙarnin ne 'yan ƙasa suka ƙwace mafi yawan Ormond ɗin, masu sarautar suka zame kudu, suka bar ƙasar da suke amsa sunanta. A 1391 Earl na uku ya sayi ganuwar Kilkenny da ke bakin kogin Nore, ta zama mazauninsu na din-din-din.

A Kilkenny ɗin nan ne aka kafa dokokin 1366 da suka hana zuriyar Normawa auren 'yan ƙasa, da magana da harshensu, da bin shari'arsu. Dokokin ba su yi tasiri ba ko a gidan Butler. Earl na huɗu, wanda ake wa laƙabi da Farin Earl, ya riƙe malaman gargajiya suna kwafa masa littattafai cikin harshen Ailan. Da aka kama wani jigon gidan, Edmund MacRichard Butler, a yaƙin Piltown na 1462, littattafan hannu aka bayar cikin kuɗin fansarsa. Duk da haka akwai abin da ya raba su da sauran manyan gidajen Normawa: sukan ci su sha da 'yan ƙasa, amma idonsu na kan Landan. A ganina wannan ne sirrin daɗewarsu, shi ne kuma ya kai su ƙasa a ƙarshe.

Abokan hamayyarsu na gado su ne gidan FitzGerald, masu sarautar Kildare da ta Desmond. Ba a ga maciji tsakanin gidajen, ko da yake suna aurayya. Kowane yana da kirarin yaƙinsa, har majalisar da ta zauna a 1495 ta haramta furta kiraran saboda fitinar da suke tayarwa. A 1492 rikici ya kai su cikin babban cocin Saint Patrick na Dublin. Wani James na gidan Butler ya shige ɗakin taron limamai ya kulle, Earl na Kildare yana waje yana rantsuwa ba zai taɓa shi ba, na ciki ya ƙi yarda. Sai Kildare ya sa aka fafe ƙofar da gatari, ya zura hannunsa ta ramin, alhali ya san ana iya sare shi daga ciki. Aka yi musafaha. Ƙofar tana nan a cocin, da ramin a tsakiyarta. Sulhun dai bai yi nisa ba.

Mutuwar Earl na bakwai a 1515 ba tare da ɗa namiji ba ta jawo rigimar gado. Piers Butler, wanda ƙasar ke hannunsa a Ailan, ya ce tasa ce. Thomas Boleyn, ɗan 'yar marigayin, ya ce ina. Aka yi shawarar a kashe wutar da aure, a haɗa ɗan Piers da 'yar Thomas, wata budurwa mai suna Anne. Maganar ta shiririce, Sarki Henry na Takwas ya ƙyalla ido ya ga yarinyar, daga baya ya aure ta, sauran kuwa tarihin Ingila ne. Da tauraron Anne ya haska, aka karɓe sarautar Ormond aka ba mahaifinta a 1529, aka rarrashi Piers da ta Ossory. Da aka fille mata kai a 1536, ba a yi shekara biyu ba sarautar ta dawo hannun Piers.

Wannan dangantaka ce ta sa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, 'yar Anne, take ɗaukar Earl na goma, Thomas, wanda ake kira Baƙin Tom, a matsayin ɗan'uwa. A fadar Ingila ya tashi. Mahaifiyarsa Joan ta auri Earl na Desmond, babban abokin gabarsa, kuma muddin tana raye ta hana mijinta da ɗanta zubar da jinin juna. Ta rasu a Janairun 1565, ba a rufa wata biyu ba suka gwabza a Affane. Aka raunata Desmond aka kama shi. An ce da mayaƙan Butler suka ɗauko shi a kafaɗa suna masa ba'a, suna tambayar ina babban sarkin Desmond yau, sai ya ce yana inda ya dace da shi, bisa wuyan 'yan Butler. Sarauniya ta fusata da manyanta biyu suka yi yaƙi ba izini, amma da aka zo hukunci, Desmond ne ya sha ɗauri. Kafin shekara 20 gidansa ya rushe, daga baya aka raba ƙasarsa ga baƙi. Tom kuwa ya gina katafaren gida irin na Ingila a Carrick-on-Suir, ya ƙawata bango da siffar sarauniyar, ana cewa don ta zo ta kwana. Ba ta taɓa taka Ailan ba.

Ƙololuwar gidan ita ce James, Earl na goma sha biyu, wanda aka haifa a 1610. Danginsa 'yan Katolika ne, amma fada ta ɗauke shi tun yana yaro ta rene shi kan ɗariƙar Furotesta. Da ƙasar ta kama da wuta a shekarun 1640, 'yan Katolika suka kafa gwamnatinsu a garinsa na Kilkenny ƙarƙashin ɗan'uwansa Lord Mountgarret, shi kuma yana jagorantar rundunar sarki. Sojojin majalisar Ingila, masu adawa da sarki, suka fatattake shi a Rathmines a 1649, ya bi Sarki Charles na Biyu gudun hijira, suka dawo tare a 1660. Ladarsa ita ce sarautar Duke a 1661 da wakilcin sarki a Ailan. Dublin ta amfana da shi: gandun Phoenix da asibitin tsofaffin sojoji na Kilmainham duk na zamaninsa ne.

Jikansa ne ya yi kuskuren da gidan bai saba yi ba, ya bi ɓangaren da ya faɗi. An zarge shi da goyon bayan zuriyar Stuart da aka kawar daga gadon sarautar Ingila, aka tuɓe shi a 1715, ya gudu, ya rasu a Avignon a 1745. Sai a 1791 wani reshe na dangin ya dawo da sarautar Earl, daga baya aka ƙara musu ta Marquess. Sunan ya dawo, ikon bai dawo ba.

Daga nan abin ya riƙa zaizayewa. Dokokin filaye na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 suka mayar da gonaki hannun manoman da ke biyan haya, kuɗin shiga ya ragu, harajin gado ya cinye saura. A 1922 mafi yawan Ailan ta fita daga hannun Birtaniya, gidan da ya gina kansa kan biyayya ga sarkin Ingila ya wayi gari babu wanda zai yi wa biyayyar a ƙasarsa. A watan Mayun shekarar 'yan bindiga suka mamaye ganuwar Kilkenny, aka kwana biyu ana ɓarin wuta, magajin gidan da matarsa suna kulle a ɗakinsu. A 1935 iyalin suka yi gwanjon kayan gidan suka koma Ingila, ginin ya zauna kango, rufi na yoyo. A 1967 Marquess na shida, Arthur, ya miƙa shi ga mutanen Kilkenny kan fam 50. Yau hukuma ce ke kula da shi, yana cikin wuraren da masu yawon buɗe ido suka fi ziyarta a ƙasar. A 1967 ɗin ne kuma aka kafa ƙungiyar zuriyar Butler, wadda ke tara dangi daga ƙasashe daban-daban.

Marquess na bakwai, Charles, ya yi yawancin rayuwarsa a Amurka, ya rasu a 1997 ya bar 'ya'ya mata. Da yake sarautar ba ta bin mace, ta Marquess ta mutu da shi. Ta Earl, wadda aka kafa tun 1328, doka ba ta ɗauke ta matacciya ba, kujerar ce kawai babu kowa a kai. Masana salsala na ganin gidan Mountgarret, zuriyar ɗan Piers na biyu, su suka fi kusa. Sai dai kafin a naɗa wani, dole ya kawo hujjar cewa duk rassan maza da suka gabace shi cikin kusan shekara 500 sun ƙare, kuma har yanzu ba a tabbatar da hakan ba.