Ƙasa Ce Ke Ba Jirgi Izinin Sauka

A Unguwar Gano na tashi, inda ruwan Agusta kan mayar da lunguna tamkar rafi, yara su naɗe wando, masu babur su koma bin jikin katanga. A irin wannan yammaci kakana, Allah ya jiƙansa, yakan zauna a bakin zaure, ya soka sandarsa a ƙasa, ya zaro, ya dubi iya inda laka ta kama, sannan ya ce, “Yau babu sauka.” Na daɗe ina ɗaukar maganar a matsayin ruɗun tsufa. Sai da na yi hankali na gane hukunci ne na ma’aikaci, domin ya shekara da shekaru yana kula da wani ƙaramin filin jirgi a karkara kafin ya dawo birni.

Kowane ɗalibin tarihin Kano ya san ranar 1 ga Nuwamba, 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka sauka a filin dawaki na Kano, a zamanin Sarki Usman. Jagoransu Arthur Coningham ne, kuma daga Helwan ta ƙasar Masar suka taso ranar 27 ga Oktoba, suka biyo ta Sudan da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Maiduguri. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne lokacin. A ganina ba dace aka yi ba: damina ta ɗauke, hazon hunturu bai yi kauri ba, baƙar lakar yankin Tafkin Chadi kuwa, wadda ko raƙumi ke shakkarta da damina, ta fara tsagewa. Da a Agusta suka taso, da wuya labarin ya ƙare a Kano.

Kafin jirgi ya taɓa ƙasa a irin waɗannan wurare, sai an sare ƙirya da ƙaya, an tone kututture, an rushe shuri, an cike ramuka. Talakawa ne suka yi wannan da fartanya da gatari. Littattafai sun adana sunan matuƙi da ƙirar jirgi. Su kuwa lebura ake ce musu, shi ke nan.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano. Daga 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Kano ta zama zango a hanyar Takoradi, wadda dubban jiragen yaƙi suka bi daga gaɓar Gana ta yanzu zuwa Masar. Filin Kano ya girma, ya sami kwalta, daga baya aka sa masa sunan Malam Aminu Kano. Ruwan sama ya daina zama hukunci a nan. Amma a ƙananan filayen karkara, waɗanda jiragen gwamnati da na mishan ke kai likita da magani, irin wanda ke Galmi a Nijar, ƙasa ce har yanzu ke da ta cewa. Haka abin yake a dajin Ostareliya, inda John Flynn ya kafa aikin likita mai zuwa da jirgi a Cloncurry a 1928: filin da ya karɓi jirgi jiya, yau tarko ne.

Ilimin da kakana ya riƙe ba a aji ya same shi ba. Ya ce marmara takan tsane da wuri in an yi mata gangare da magudana. Yashin jigawa in ya jiƙe ma ƙarfi yake ƙarawa. Laka ce maciyar amana. Rana takan busar da samanta ya yi ɓawo, ƙarƙashi kuwa kunu ne. Matuƙi yakan yi shawagi ƙasa-ƙasa ya duba ƙyallin ruwa da shanun da suka shigo kiwo, amma daga sama ba ya ganin abin da ke ƙasan ɓawon. Don haka da asuba kakana yakan taka filin daga wannan baki zuwa wancan yana soka sanda. In ya gamsu, sai ya hura wuta da ɗanyen ganye, hayaƙi ya nuna inda iska ta dosa. In bai gamsu ba, sai a shimfiɗa fararen ƙyallaye a gicciye, alamar a koma.

Sau ɗaya ya saɓa wa sandarsa. Wata mata ce ta kwana biyu tana naƙuda, mota ba ta iya ƙetare rafi, an kuwa yi ruwa daren jiya. Dagaci ya dube shi ya ce, “Malam, rai ne.” Ya hura wutar. Jirgin ya sauko a hankali, hancinsa a ɗage, ya yi gudu kaɗan, sai ƙafarsa ta hagu ta nutse, ya juya ya tsaya a karkace. Babu wanda ya ji rauni. Likitan ya fito da jakarsa, ya yi aikinsa a ƙauyen, tunda tashi ba ta yiwuwa. Uwar ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

Kwana uku jirgin ya yi a wurin. Maza suka tone laka, suka shimfiɗa zana da kara, suka ɗaura igiya, suka ja shi zuwa tudu. Na taɓa tambayarsa, “Kaka, da ka sake samun kanka a ranar, za ka hura wutar?” Ya juya sandar a hannunsa, ya kankare busasshiyar lakar da ke bakinta da farce, ya ce in ɗauko masa buta, la’asar ta yi.